Godiya da Addu'ar Ɗaki a Rayuwar Kiristocin Ƙasar Daura da Maƙwabtanta: Waiwaye Cikin Tarihi

1.0 GABATARWA

Masu nazarin tarihin addinin Kirista a Arewacin Nijeriya sun fi mai da hankali ga abubuwa uku, watau zuwan Turawan mishan, da takun-saƙar da aka yi tsakaninsu da Gwamnatin Mulkin Mallaka da sarakuna, da kuma makarantu da asibitocin da suka kafa. Waɗannan abubuwa ne da aka ajiye a rubuce cikin fayil-fayil, shi ya sa suka fi sauƙin bibiya. Amma akwai wani ɓangare da bai cika shiga fayil ba, alhali kuwa shi ne ya riƙe jama'ar masu bi, watau addu'ar da mutum yake yi shi kaɗai a ɗakinsa, da godiyar da yake fitowa ya yi a gaban 'yan'uwansa.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa a masarautu irin su Daura, inda Kirista ba su taɓa zama masu rinjaye ba, addu'ar ɗaki ta riga ginin majami'a, kuma godiya ita ce igiyar da ta ɗaure waɗannan masu addu'a ɗai-ɗai har suka zama ikilisiya. Za mu kuma ga cewa tun farko wannan godiya tana kokawa da wata tsohuwar ma'ana ta Bahaushe, watau tukwici. Da yake addinin ya iso Daura ne ta hanyoyin maƙwabta, ya zama tilas mu riƙa leƙawa Katsina ta yamma, da Kazaure da Kano ta kudu, da kuma Damagaram ta arewa.

2.0 GODIYA A ƘASAR HAUSA KAFIN ZUWAN MISHAN

Ba mishan ne suka koya wa Bahaushe godiya ba. In an tambaye shi aiki, ya ce aiki da godiya. In an tambaye shi gida, ya ce sai godiya. Mutumin da aka yi wa alheri ya manta kuwa, sunansa butulu, kuma ƙalilan ne daga cikin zage-zagen Hausa suka kai wannan zafi. Haka kuma Bahaushe ya ce yaba kyauta tukwici, watau godiyar baki ba ta cika sai an haɗa da ɗan wani abu a hannu.

Tarihin kafuwar Daura kansa a kan wannan ƙa'ida ya ginu. Kamar yadda kowa ya sani, an ce macijiya ta hana mutanen gari ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, Bayajida ya kashe ta, sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki, shi kuwa ya zaɓi aure. Ko mun ɗauki labarin a matsayin tarihi ko a matsayin hikaya, darasinsa ɗaya ne: alheri bashi ne, kuma mai mutunci yana biya.

Musulunci, wanda ya daɗe da kafuwa a Daura tun kafin jihadi, ya ƙara wa wannan al'ada zurfi. A Larabci kalmar kafirci da ta butulci tushensu ɗaya, kuma a cikin Suratu Ibrahim an yi alkawarin ƙari ga mai godiya. Daga nan ne Hausa ta sami hamdala da shukura da albarka da sadaka da zakka, da ita kanta kalmar addu'a. Su kuwa Maguzawa, waɗanda Joseph Greenberg ya zauna cikinsu a ƙasar Kano a 1938 da 1939, suna da tasu hanya. Maigida yakan yi yanka ga iskokin gidansa da na gonarsa, irin su Uwar Gona, domin neman damina mai kyau da kuma cika alkawari idan buƙata ta biya. A nan ma godiya biyan bashi ce, kuma wanda ya ƙi biya yana tsoron abin da zai biyo baya.

Wannan shi ne filin da bishara ta tarar. Kalmomi suna nan a shirye, amma kowace tana ɗauke da kayanta.

3.0 YADDA AKA SAMI KALMOMIN ADDU'A

Abin lura ne cewa ɗaya daga cikin Hausawan farko da suka sa hannu wajen juya littattafan Kirista zuwa Hausa maƙwabcin Daura ne. Dorugu an haife shi a Dambanas, kusa da Kance, arewa da Daura. An kama shi bawa yana yaro, Bajamushen nan Overweg ya 'yanta shi a Barno, bayan rasuwar Overweg a 1852 ya bi Heinrich Barth har Tambutu, sa'an nan suka isa Ingila a 1855 tare da abokinsa Abbega. A can ya zauna da J. F. Schön na ƙungiyar C.M.S., aka yi masa baftisma, kuma daga bakinsa Schön ya ɗebi Hausar da ya yi aiki da ita cikin fassarce-fassarcensa. Sabon Alkawari na Schön ya fito a 1880. Dorugu ya komo ƙasar Hausa, ya rasu a Nasarawa ta Kano a 1912.

Aikin ya ci gaba a hannun Dokta Walter Miller, wanda yake cikin tawagar Bishop Tugwell da Sarkin Kano Alu ya sallama daga birni a 1900. Miller ya zauna Zariya daga 1905, kuma shi ne ƙashin bayan fassarar Littafi Mai Tsarki cikakke da aka buga a 1932. An sake wata fassarar a 1979. Masu fassara sun bar sunan Allah yadda yake, suka ɗauki Ubangiji da addu'a da sujada da zunubi da tuba da gafara da Zabura, suka yi amfani da baiko da zakka ga abin da ake bayarwa a majami'a. Saboda haka Kirista Bahaushe da maƙwabcinsa Musulmi da kalmomi kusan iri ɗaya suke roƙon Allah.

Kalma ɗaya ce ta fi jawo hankali, watau alheri. Ita aka zaɓa don a bayyana kyautar ceto wadda, bisa ga koyarwar Kirista, mutum bai cancance ta ba kuma ba ya iya biyanta. To, ga Bahaushe alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma ana rama shi. Sai ga shi an kawo masa wani alheri da ba a ramawa, wanda amsarsa godiya ce kurum. Wannan saɓani tsakanin alherin da ake biya da alherin da ba a biya shi ne zaren da za mu bi a sauran takardar.

4.0 DOKAR TURAWA DA ADDU'AR ƊAKI

Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa Gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addininsu ba, kuma Razdan-Razdan da suka biyo baya suka fassara alkawarin da cewa a nisanta mishan daga masarautun Musulmi. A Daura kuwa akwai ƙarin dalili. Jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga birni a farkon ƙarni na 19, suka koma Zango da Ɓaure, har Turawa suka mai da gidan kan gadon sarauta a 1906 ta hannun Malam Musa. Ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966. Sarautar da aka maido kwanan nan ba ta buƙatar abin da zai sa a yi shakkar riƙonta da Musulunci, su kuma Turawa ba su son abin da zai girgiza tsarin da suka kafa.

Don haka sai tashoshin mishan suka kewaye ƙasar ta waje. Ƙungiyar S.I.M., wadda Bingham da Gowans da Kent suka soma a 1893, ta buɗe tasha a Damagaram a 1924, da Tsibiri kusa da Maraɗi a 1928, duka a ƙarƙashin mulkin Faransa. Da aka sassauta doka a gefen Ingilishi cikin shekarun 1930, ta sami wurare irin su Roni ta ƙasar Kazaure, inda ta buɗe makarantar yara maza, da Malumfashi da Matazu a ƙasar Katsina. Ko a lokacin ma da sharaɗi aka ba da izini, kamar hana wa'azi a kasuwa ko kusa da masallaci.

Kiristocin da suka fara zama a garuruwan masarautu yawancinsu baƙi ne: akawu da malamin asibiti da ɗan sanda da direba da ɗan tireda, daga Kudu ko daga ƙasashen Jos da Kudancin Zariya. Mutum irin wannan yakan sami kansa shi kaɗai, ko su biyu ko uku, ba fasto, ba ƙararrawa, ba majami'a. Abin da yake da shi Littafi Mai Tsarki ne da Littafin Waƙoƙi, sai kuwa umurnin da ke cikin Matiyu sura 6, inda aka ce mai addu'a ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Wannan umurni an bayar da shi ne don a guje wa riya, amma a nan sai ya zama bayanin halin da ake ciki. Addu'ar asuba kafin fita aiki, da ta kan abinci, da ta dare tare da iyali, su ne suka zama sujada. Ranar Lahadi a taru a ɗakin wani, a karanta Zabura, kowa ya faɗi abin da Allah ya yi masa cikin mako. Daga irin waɗannan ɗakuna ikilisiyoyin garuruwa suka tsiro.

Ga Bahaushen da ya bi wannan hanya daga gidan Musulmi, ɗakin ya fi haka ƙunci, domin bayyana kansa na iya jawo masa rasa mata da gado da dangi. Irin wannan mutum addu'ar zuci ita ce dukan ibadarsa, wani lokaci na shekaru.

5.0 BABBAR RUGA DA GODIYAR KUTARE

A 1934 aka haɗa masarautun Katsina da Daura suka zama Lardin Katsina. A ƙarshen shekarun 1930 kuma Gwamnati da En'e-En'e suka danƙa wa S.I.M. kula da zangunan kutare na larduna: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga kusa da Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Da yake zangon na Lardi ne, shi ne wurin da ya kamata kutaren ƙasar Daura su nufa. Wannan ita ce babbar ƙofar da mishan suka samu ta shiga cikin talakawan masarautu.

Da farko magani allurar wani mai ne da ake samowa daga 'ya'yan wata itaciya ta ƙasar Indiya, mai zafi, mai jinkirin aiki. A ƙarshen shekarun 1940 aka gwada ƙwayar dafson a Uzuakoli ta Gabashin Nijeriya, ta yi nasara, ta bazu cikin shekarun 1950. Daga nan aka fara sallamar mutane da yawa da takardar shaidar warkewa, su koma ƙauyukansu bayan shekaru.

Ba abin mamaki ba ne da labarin kutare goma na Luka sura 17 ya zama abin wa'azi a irin waɗannan wurare. An warkar da goma, ɗaya ne tak ya komo ya yi godiya, shi ma baƙo ne Basamariye. Amma a nan ne saɓanin da muka ambata ya fito fili. Mutumin da danginsa suka ƙyamace shi, baƙo ya wanke masa gyambo shekara biyar, da me zai yi tukwici? Ba shi da kuɗi, ba shi da dabba. Abin da mai yi masa alheri ya fi so shi ne ya karɓi addininsa. Sarakuna da malamai sun ga wannan haɗari, shi ya sa suka sa ido a kan zangunan, musamman a kan yara. Su ma mishan ɗin ba su son tubar da aka yi don kunya, domin koyarwarsu ta ce alheri ba a sayensa.

Abin da ya faru shi ne mafi yawan majinyata sun yi godiya, sun koma gida da Musuluncinsu. Kaɗan suka karɓi baftisma, kuma daga cikin waɗannan kaɗan aka sami malaman ƙananan asibitocin kutare da masu bishara, waɗanda suka iya karatun boko da ba da magani. Masaniyar tarihi Shobana Shankar ta nuna cewa irin waɗannan mutane, fiye da Turawan kansu, su ne suka kai addinin cikin karkarar Kano da Katsina. Shaidarsu kuwa ta jiki ce: ga yadda nake, ga yadda na zama. Wannan salo na tashi a gaban jama'a a ba da shaida ya zauna daram cikin sujadar ikilisiyoyin Hausa.

6.0 YADDA GODIYA TA ZAMA TSARI

A 1954 ikilisiyoyin da S.I.M. ta haifa suka haɗu suka zama E.C.W.A., ragama ta fara komawa hannun 'yan ƙasa. Tun daga nan godiya ta ɗauki siffofi sanannu, waɗanda za mu kawo uku daga cikinsu.

Na farko shi ne godiyar kaka. Asalinta a majami'un Ingila ana danganta shi da wani limamin Anglikan mai suna Robert Hawker, wanda ya soma ta a 1843, kuma ikilisiyoyin Kudu suka kawo ta Arewa. Amma a ƙasa irin ta Daura, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, kuma tsofaffi suke ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1914, ba a buƙatar wani ya bayyana ma'anarta. Manomi yakan kawo damin gero ko dawa, mace ta kawo wake ko gyaɗa ko kaza, a tara a gaban majami'a. Daga ciki ake ciyar da mai bishara da gwauraye da marayu. Ga Maguzawan Malumfashi da Ƙafur da Matazu da suka shiga addinin, wannan biki ya zauna a gurbin yankan da kakanninsu suke yi, sai dai an cire tsoron iska a ciki.

Na biyu shi ne Zumuntar Mata. Matan ikilisiya suka tsara taronsu na mako-mako, da anko, da waƙoƙin da suke tsarawa da kansu suna kiɗa tulu da caki. Su ne masu zuwa barka da jaje da ta'aziyya. Mace da ta sauka lafiya, ko ɗanta ya warke daga ƙyanda, takan kawo abin da ta roƙa a ɓoye ta bayyana shi a fili, 'yan'uwa su raka ta gaba da waƙa. Ta haka addu'ar mutum ɗaya take zama dukiyar jama'a.

Na uku shi ne ƙungiyar Sabon Rai, wadda aka soma a farkon shekarun 1960 da haɗin kan ikilisiyoyi da dama. Ginshiƙinta shi ne ƙananan rukunonin addu'a na gida-gida, inda mutane kaɗan suke haɗuwa da asuba. Watau abin da larura ta haifar a zamanin Turawa, sai aka mai da shi tsari da gangan.

Su kuwa Katolika da Anglikan, godiya tana tsakiyar ibadarsu, domin kalmar Yukaristiya, wadda wasu ke kira Jibin Ubangiji, a harshen Girka ma'anarta godiya. An kafa Dayosis ɗin Anglikan na Katsina a 1990, na Katolika kuma a 2023, inda aka naɗa Gerald Mamman Musa bishop na farko, kuma ƙasar Daura tana cikin yankin da suke kula da shi.

7.0 GODIYA A LOKACIN WAHALA

Ba a gane nauyin godiya sai ranar da babu abin gode wa a ido. Farin 1973 da na 1984 sun bar rumbuna wayam a arewacin Katsina da Daura da Damagaram. Rikicin 1966 ya kwashe 'yan Gabas daga garuruwan Arewa, majami'u da dama suka zama kufai. A watan Maris na 1987 tarzomar Kafancan ta bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙone majami'u masu yawa, watanni kaɗan kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a watan Satumba. A watan Janairu na 2015 irin haka ta faru a Damagaram da Yamai. A kowane karo jama'a sukan koma inda suka fito, watau ɗaki, su riƙe umurnin Bulus ga Tasalonikawa na yin godiya cikin kowane hali. Godiyar da aka yi a kan toka ba za a kira ta tukwici ba, domin babu kyautar da aka karɓa a ranar.

Wahalar wadata kuma daban ce. Tun daga shekarun 1980 wata koyarwa ta yaɗu daga Amurka da Kudancin Nijeriya, mai cewa wanda ya ba Allah da yawa za a mayar masa ninki. A wasu wurare godiyar kaka ta zama gwanjo, ana kiran suna da adadi, mai hali ya yi ta'adi, talaka ya sunkuyar da kai. Wannan tsohon tukwici ne ya komo da sabuwar riga, har ma ya zarce, don yanzu ana ba da shi tun kafin kyauta ta zo. Dattawan ikilisiya da dama suna jan kunne da labarin gwauruwar nan ta Markus sura 12, wadda 'yan aninanta biyu suka fi na mawadata.

8.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa Kiristocin ƙasar Daura da maƙwabtanta sun gaji kalmomin addu'arsu daga rumbun da Hausawa duka suke ɗiba, cewa dokar zamanin Turawa ta sa ibadarsu ta fara a ɗaki, kuma cewa shaida da godiyar kaka da Zumuntar Mata su ne suka fito da ita fili. Mun kuma ga cewa tambayar da aka fuskanta a Babbar Ruga, watau ko godiya biya ce ko amincewa, ita ce dai ake fuskanta a gaban faifan baiko.

Saura aiki ga masu bincike. Waƙoƙin Zumuntar Mata da shaidun tsofaffin majinyata da na masu bishara na farko suna bakin mutane ne, kuma masu su suna ƙarewa. Ya kamata sassan Hausa da na Tarihi na jami'o'inmu su tura ɗalibai su ɗauko su, kamar yadda aka yi wa waƙoƙin fada da na malamai, domin su ma wani reshe ne na adabin Hausa, kuma shaida ce ta yadda maƙwabta biyu masu addini daban suke amsa gaisuwa da kalma ɗaya.